Goshin Takwara

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina nan lafiya. Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Ya maigidan da yara? Mu nan kalau muke, sai godiyar Allah. Baban yara yana gaishe ki.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ke ce kika hana ni. A waya ba kya barin mutum ya kai aya, ni kuwa maganar nan ina so in kai ƙarshenta kafin ki fara min faɗa.

Ga takwararki nan na turo miki ta yi hutu. Idan kin ga fuskarta kada ki firgita. Tun bara ƙuraje suka yi mata sallama, suka mamaye goshi, suka gangaro gefen kumatu har bakin kunne. Ke dai kin san ni, Yaya. Tun muna yara Inna take cewa ko ƙuda ya sauka a fuskata sai ya zame. Fuskar nan ita ke yi wa shagona talla: mace ta shigo gyaran gashi, ta kalle ni, ta ce a yi mata abin da nake yi wa kaina. To yau ga 'yar cikina.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce shago ya cika, Takwara ta shigo karɓar makullin gida. Matar mai kantin taya tana zaune kanta cikin na'urar busar da gashi, kin san mai cikin na'urar nan ba ta jin muryarta, ihu take yi tana zaton raɗa ce. Ta tambaye ni ko sabuwar yarinyar aiki na ɗauka. Na ce 'yata ce. Ta ce ashe gyaran bai kai gida ba. Shago ya ɗauki dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma sai na tsinci kaina ina taya su, don ban san abin da zan yi da bakina ba. Da yamma na gaya wa Takwara daga yau makulli yana wajen maƙwabciya, ba sai ta biyo ta shago ba. Don kare ta daga bakin mata na yi, kada ki fassara shi daban.

Ga jaka nan na haɗo mata, ki sa ido don Allah, yarinyar akwai son jiki. Ta wanke fuska da safe, da rana, da la'asar, da kuma kafin kwanciya, da sabulun nan mai ƙarfi, ta sa soso ta dirje sosai. Bayan kwana bibbiyu a goge mata da sukari da lemun tsami. Za ta ce yana yi mata zafi, zafin shi ne aikin. Idan ƙurji ya nuna ki kafa mata turirin ruwan zafi ki matse shi, a ɗiga man goge baki a kai. Ban da gyaɗa, ban da alewa, ban da soye-soye. Na san ke da sabulu ɗaya kika tsufa, na wanka shi ne na fuska, amma ki daure ki bi nawa tsarin.

Na yi mata sabon kitso, na ƙoshar da kan da man da nake haɗawa da hannuna. Kwalbarsa tana cikin jakar. Kullum da safe a shafa mata tun daga gaban goshi kafin ta ɗaura ɗankwali. Ko ba komai, gashin nan dai ba mai buɗe baki ya kushe shi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin, ya yara? Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Direban da ya kai miki Takwara ya dawo min da jakar yadda na ɗaure ta, ko zip ɗin ba a ja ba, tare da 'yar takardarki. Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Ranar har albasa sai da ta ji a jikinta. Na ce wato ni da mata ke layi a ƙofata, ni ce za a mayar wa kaya, a kwashi 'yata a kai wa likitar fata kamar ba ta da uwa.

Na karanta abin da kika ce likitar ta faɗa. Wanki sau biyu ya isa, da sabulu marar ƙarfi da tafin hannu. Ba soso, ba lemun tsami, ba matsa. Tawul nata ita kaɗai, ta dinga dannawa a hankali ba gogewa ba. A riƙa canza rigar filo, a riƙa wanke ɗankwali. Wani abin na shekaru ne, zai wuce da kansa. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne tambayar da kika ce ta fara yi tun kafin ta taɓa yarinyar: me ake shafa mata a kai?

Don in ƙaryata ku na shiga ɗakin Takwara. Na zare rigar filonta. Yaya, filon kansa ya yi wani rawaya-rawaya a tsakiya, ya yi danƙo, na kai hanci na ji ƙamshin man nan nawa, wanda ko a cikin dubu zan gane shi. Na jawo ɗankwalayen makarantarta. Kowanne bakinsa ya yi duhu da maiƙo, daidai inda yake kwanciya a goshi ya sauko ta gefen kumatu zuwa kunne. Na bi layin da yatsa. Hanyar ƙurajen ce sak, ba ƙari ba ragi.

A bakin gadon na zauna. Ni nake shafa mata da safe, ta wuni da shi a goshi, ta kwana a kansa, gari ya waye in kama ta da soso ina cewa ƙazanta ce. Ƙazama na kira ta, Yaya, ba sau ɗaya ba, har a gaban ƙannenta. Ta rantse min tana wankewa, na ce ƙarya take yi. Baƙaƙen tabban nan da ke kumatunta kuwa ba ƙuraje suka bar su ba, farcena ne. Garin gyaran gira na tsone ido.

Kwalaben man suna nan jere a shago, na kasa kallonsu. Jiya wata ta zo saye, na ce mata ta nisanta shi da goshi, ta wanke abin da take ɗaurawa. Ta ce yaushe na fara wa'azi. Na yi murmushin yaƙe kawai.

Na kira sau da yawa, kullum sai ki ce ta shiga wanka ko ta fita aike. Yaya, ni ma na yi ƙuruciya, na san wankan da ba ya ƙarewa. Don Allah ki ba ta wayar ko gaisawa mu yi. Kwanan nan za a koma makaranta, ina so ta dawo mu fara sabon lale.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wayi gari lafiya, ke da maigidan da yara duka. Na ji an ce kin fara takawa ba sanda, alhamdu lillahi.

Hoton Takwara ya iso. A wayar babanta ta turo, ba a tawa ba, na kuma san dalili. Ya miƙo min muna karyawa. Kin san abin da na yi? Yatsu biyu na sa na buɗe hoton, na jawo goshin har ya cika wayar. Na duba shi lungu-lungu, na gangara kumatu, na ce masha Allah, sun kwanta, saura tabbai. Na mayar masa da wayarsa ina jin daɗi. Ya kalle ni, ya tambaye ni yaya na ga tabarau ɗin, sun yi mata kyau?

Na ce wane tabarau?

Sai da na sake karɓa na duba. Ga su nan ɓaro-ɓaro a fuskarta, masu baƙin kewaye, tana dariya a bayansu har da haƙora. Ban gan su ba, Yaya. Dariyar ma ban gan ta ba.

Shi ya ba ni labarin da kika ba shi, cewa a kwanakinta na farko kika lura tana kai littafi har hanci, tana matse ido idan za ta karanta agogon bango, kika kai ta aka auna. Ke da kika yi mata kallon 'yan kwanaki. Ni kuwa kullum safiya fuskar nan tana tsakanin tafukana, kusa da ni fiye da kowa a duniya, ina juya ta dama da hagu a gaban taga ina neman abin matsewa. Idanun suna nan a tsakiya suna kallona, ban taɓa tambayar me suke gani ba.

Babanta ya kuma gaya min abin da Takwara ta roƙa, wanda kika kasa rubuto min: tana so ta zauna wajenki, a mayar da ita makarantar su 'yan biyunki. Ya ce magana tana hannuna. Na so in ce a'a. Na so in ce uwa uwa ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta dawo in gyara abin da na ɓata. Na yi shiri na tafi makarantarsu ta nan da niyyar in ce a ajiye mata gurbinta.

Malamar ajinsu ta karɓe ni da mutunci. Da na ambaci tabarau ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun zangon da ya wuce ta lura yarinyar daga littafin maƙwabciyarta take kwafa, ba daga allo ba. Ta yi ta fama da ita ta dawo layin gaba, ta ƙi. Da ta matsa mata, sai Takwara ta ce ta fi son can baya jikin bango, saboda a gaba duk wanda ya shigo ajin fuskarta zai fara gani, kuma mamanta tana da shago a unguwar, kada a gane 'yar wace ce.

Ban san yadda na fito daga ofishin nan ba. Takardar canjin makaranta na karɓo a maimakon gurbin. Ga ta nan cikin ambulan, na sa hannu, babanta ma ya sa. Kayan makarantarta da takalmanta suna wajen direba.

Ku riƙe ta, Yaya. Ki ce wa malamansu su sa ta a layin gaba, a tsakiya, inda kowa zai gan ta. Idan an tambaya 'yar wace ce, ta faɗi sunan da ta ga dama, ba zan ji haushi ba.

Ina so in zo ƙarshen wata, amma ba zan zo ba sai ta ce in zo. Ki tambaye ta lokacin da ba kowa a wajen. Idan ta ce a'a kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki ce min ta shiga wanka. Ki faɗa min gaskiya, zan jira.

Ki gaida maigidan da yara. Ki gaishe min da ita, in za ta amsa.

Ƙanwarki,
Auta