Ranar da aka lanƙwasa waldar Auta

Ƙanena abin alfaharina,

Sallama da gaisuwa daga ni da duk mutanen gida. Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da kake fama da shi. Mu nan sai godiya. Goggo ta warware har ta koma faɗa da kowa, ka ga ke nan sauƙi ya samu.

Ka san yadda Autata ta nace sai ta koyi walda, ka kuma san ra'ayina. Ni da na karanci haɗa ƙarfe har aka ba ni shaida mai hatimi, na ƙarar da ƙuruciyata a masana'anta, da aka rufe ta godiyar baki kawai muka tsira da ita. Shi ya sa da masana'antar tankunan gas ta ce za ta gwada masu walda ta ɗauki aiki, na gaya wa Auta kada ta ɓata takalminta, tuni an raba guraben ga 'ya'yan masu dogon hannu. Ita kuwa ta ce in ta faɗi za ta ajiye sana'ar gaba ɗaya, in huta. Na ce madalla, amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Ranar gwajin na bi ta, na shaida wa mamanta zan je ne in ga yadda za a zalunce ta.

Da haɗa bututun tagulla aka fara. Ƙanena, yarinyar nan ta gasa bututun da harshen wuta a hankali, ba ta kai wutar kan sandar liƙin ba, sai da ƙarfen ya yi zafi ta ɗan taɓa shi da ita, sandar ta narke ta shige mahaɗar kamar an tsotse ta. Ban taɓa zaunar da ita na koya mata ba. Ashe duk mitar da nake yi a tsakar gida kan masu aikin zamani, tana kwashewa.

Sai babban gwajin: guntayen bututun ƙarfe mai kauri, an ɗaure su a karkace, dole ta zagaye su da waldar lantarki har ta ƙasa, tartsatsi na zubo mata. Mai gwajin ya bar ni na tsaya a ƙofa, ya miƙo mini baƙin gilashi. To, ta cikin gilashin nan ba ka ganin komai sai ɗigon wuta. Ni kuwa hannunta nake son gani, ko yana rawa. Na sauke gilashin na zuba ido. Bai yi rawa ba.

Da ta gama aka yanko zirin ƙarfe daga mahaɗar, aka sa a injin da ke lanƙwasa shi har ya naɗe, ko tsaga kamar silin gashi ta fito an faɗi. Mai gwajin ya juya shi, ya kai shi haske, ya shafa da yatsa, sannan ya tambaye ta lambar takalmin aikin da za a ba ta. Bai ko tambayi 'yar wane ce ba.

Washegari gida ya cika da masu barka, ni kuwa ina ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, idanuna kamar an zuba yashi, hawaye na tsiyaya. Goggo ta leƙo ta ce lallai dutse ya tsage, tsoho mai mita yana kuka. Auta ta ɗiga mini magani tana dariya, wai ko sabon shiga ba ya kallon wuta da ido tsirara.

Ka gaida maiɗakinka, da takwarana, da Dogo da amaryarsa. Maman yara da Goggo suna gaishe ku, Auta kuma ta ce kawunta ya sa mata albarka. In wani ya kira ka ya ce kuka na yi, ka ce masa hasken walda ne. Yawancinsa dai.

Naka har kullum,
Yayanka