Jakar da aka ce wa Kaka ta wata uku ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce "ki yi haƙuri" kawai ya riƙe abinsa, na ji wannan har na ƙoshi.

Duk wanda ya shigo gidanmu a Matameye duba kakata abu ɗaya yake faɗa, wai aiki ya yi kyau, tsohuwa ta kusa tamanin an yanke mata hanji ta tashi da ƙafarta. E, ta tashi. Jinin da take zubarwa ya tsaya, ciwon cikin ma ya tafi. Amma da ƙarya aka kwantar da ita a gadon fiɗa, kuma da bakina aka yi ƙaryar, ni ban sani ba.

Kaka ita ta haifi mamata, ita kuma ta raine ni. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa Uwata take kirana. Da aka kai ta asibiti a Damagaram aka ce ciwon daji ne a hanji, sai an yi fiɗa, ta ce a mai da ita gida. Tana da dalilinta. A shekarun 1950, zamanin Nasara, tana 'yar yarinya aka ɗora babanta a motar gyaɗa aka tafi da shi Damagaram da ciwon ciki. Aka buɗe shi, bai tashi ba, can aka rufe shi, sai rigarsa aka kawo musu. Tun ranar ta ce wuƙar likita ba za ta taɓa cikinta ba.

Kawu, babban ɗanta, ya baro cin raninsa a Kano ya zo, shi da Mama suka shiga wurin likita, ni aka bar ni da Kaka. Suna fitowa Kawu ya ja ni gefe, ya ce za a fito mata da hanji ta gefen ciki a manna jaka, bahaya ya riƙa zuba a ciki, amma na wata uku ne kacal, daga nan a mayar a ɗinke. Ya ce ke kaɗai take yarda da maganarki, ke kika yi lise, wato sakandare, je ki faɗa mata. Takardar da likita ya ba shi tana hannunsa, ina ganinta, ban ce ya ba ni in karanta ba. Wannan laifina ne. Kawuna ne, uwata tana tsaye a wurin, ban ga abin bincike ba.

Na je na faɗa mata. Ta kalle ni ta ce, "Uwata, ke da bakinki ba ya da birki, in ƙarya ce da tuni kin fasa. Rantse mini." Na ce wallahi wata uku ne. A kan wallahina ta dangwala yatsa a takardar yarda a yi mata fiɗa.

Tun da muka dawo gida, Kaka ba da wata take lissafi ba, da kasuwa take yi. Na ce mata kasuwa goma sha biyu. Duk ranar kasuwa, in ta ji amalanke suna wucewa, sai ta ce, "Uwata, ɗaya ta tafi." Ta rage cin abinci don kada jakar ta cika a gaban mutane, fura ludayi biyu ta ture ƙwarya. Zanenta yanzu sau biyu yake zagaye ta. Abin da ya fi ci mini rai, ta aje sallah. Matar da ban taɓa ganin rana ta fito mata ba ta yi asuba ba. Ta ce ba za ta tsaya gaban Allah da najasa manne a jiki ba, in an ɗinke za ta rama duka. Na tambayi wani malami ban faɗi ko wace ce ba, ya ce mai irin wannan lalura alwala za ta yi kowace sallah ta yi abinta, sallarta ta yi. Na kawo mata, ta ce wannan sauƙin na wanda ba shi da ranar warkewa ne, ita saura kasuwa huɗu.

Satin da ya wuce ni na kai ta a duba ta. Na tambayi likitan da Faransanci wace rana za a mayar da hanjin. Ya aje biro ya ce wace mayarwa? Ya ce ciwon can ƙasa yake, an cire wurin gaba ɗaya, jakar ta har ƙarshen rai ce, kuma tun kafin fiɗa ya yi wa ɗanta da 'yarta bayani. Ya ƙara da cewa ciwon bai ga alamarsa ba, abin da yake tsoro ramar nan ce, tsoho in ya daina ci bayan irin wannan aiki ba ya daɗewa. Kaka ta taɓa ni ta ce me ya ce? Na ce ya ce ki riƙa cin abinci. Wannan karon da sanina na ɓoye.

Da na tari Mama sai kuka, wai tsoro ta ji kada uwarta ta mutu. Na kira Kawu a salula, ko kunya babu, ya ce da ba a yi haka ba da yanzu an yi sadakar arba'in ɗinta, in gode masa. Na ce to me ya hana shi ya rantse da nasa bakin? Ya ce ba ni da kunya, boko ya lalata ni, kuma in na faɗa mata ta haɗiyi zuciya, ni na kashe ta. Na ce in kasuwa huɗun sun ƙare fa? Wai sai a ce likitan ya yi tafiya.

Ni dai na gama yanke nawa. Jibi kasuwa, kafin ta ce ɗaya ta tafi zan zauna in faɗa mata jakar ba za ta fita ba, in kai mata buta. Ba zan zuba ido ta mutu ba sallah tana jiran ranar da babu ita ba.

Inda na tsaya shi ne nan. Za ta tambaye ni yadda aka yi na rantse. In na ce Kawu da Mama suka sa ni, Kaka tana da zafi, za ta iya yi musu baki, kuma bakin uwa kun san shi, ɗayar kuwa uwata ce. In na yi shiru, za ta tafi kabari da sanin Uwata ta rantse mata da Allah a kan ƙarya. Ku faɗa mini, in kira sunansu ko in ɗauka ni kaɗai? Kwana biyu gare ni.