Muryar Baba Gutsure Dubu Shida

Karaye, Litinin

Assalamu alaikum Yaya Abdulhadi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gona, ya su Zaituna da yara? Layinka ya ƙi shiga, shi ya sa na ba Ɗantala mai babur wannan takarda.

Yaya, na tafka ɓarna. Ka san shafin intanet da ka buɗe mana, inda muka zuba karatun Alƙur'ani na marigayi Baba aya-aya? Shekaranjiya ya dinga sarƙewa, sai na yi masa maganin da nake yi wa waya. Na goge fulogin ɗin, wato 'yar manhajar da ke jera ayoyin, da niyyar in sake saukewa. Ina zuwa rumbun intanet da ake ɗauko irinsu, sai na tarar da layi ɗaya tal: an rufe wannan. Ba dalili, ba wurin saukewa.

Yanzu muryar Baba tana nan gutsure dubu shida da ɗoriya, lambobi barkatai, ba sunan sura balle na aya. Kaset ɗin kuwa ka san yoyon ɗaki ya gama da su tuni. Wallahi hankalina ya tashi.

Ƙanwarka,
Radiya

Fulatan, Laraba

Wa alaikis salam Radiya,

Duk muna lafiya, ki gaida min Inna. Ke dai hannunki ba ya raina gogewa! Ko allo ai sai an haddace ake wankewa.

Na fita Rogo na sami sabis na bincika. Mai fulogin ɗin ya watsar da shi, aka kuma gano wata kafa a jikinsa da ɓarayin intanet ke bi su shiga shafin mutane. Hana sabbin mutane ɗauka daidai ne, ban ga laifin masu rumbun ba a nan. Amma na rubuta musu cewa su faɗi dalili, kuma su bar ƙofa ga waɗanda kayansu ke ciki. Ko rumfa aka rufe a kasuwar Karaye, ana barin mai ajiya ya ɗauki buhunsa.

Jerin ayoyin yana nan bai ɓata ba, sai dai fulogin ɗin kaɗai ke iya karanta shi. Kada ki kuskura ki sauke shi daga wani shafi na daban, cusa masa cuta suke yi.

Yayanki,
Abdulhadi

Karaye, Alhamis ta sama

Salamu alaikum Yaya, ya aiki?

Zauna ka sha labari! Malam Sulle na Yammedi, babban ɗalibin Baba, ya zo gaisuwa na ba shi labari. Dariya ya yi, ya ce, "Haba 'yar Malam, ai inji ne ya manta, ba mu ba."

Washegari sai ga shi da alarammomi goma sha ɗaya sun cika zaure. In kunna gutsure, kafin Baba ya kai kalma ta uku sun faɗi sura da aya, ni kuma in rubuta. Har rige-rige suke yi! Da muka zo ayar nan da ke maimaituwa sau talatin da ɗaya a Suratur Rahman, gardama ta kaure. Malam Sulle ya sa na sake kunna wata, ya ce, "Wannan ta bayan ambaton wuta ce. Ku ji yadda muryar Malam ta karye." Ni dai hawaye kawai nake.

Kwana shida, izu goma sha huɗu!

Taka,
Radiya

Fulatan, Asabar, bayan mako biyu

Radiya, salam. Albishirinki!

Sun amsa! Ashe ba mu kaɗai muka yi ƙorafi ba. Yanzu sun rubuta dalilin rufewar da jan gargaɗi, kuma wanda ya taɓa amfani da fulogin zai iya saukewa. Zan kunna shi a kwamfutar da ba ta kan intanet, in kwashe jerin, in goge fulogin. Aikin minti goma ne. Ina tafe ranar Juma'a in sha Allahu, ki sallami malamai da godiya.

Abdulhadi

Karaye, Lahadi

Yaya, goro fari! Allah ya saka.

Sauke shi ka adana jerin a filashin kwamfuta, amma don Allah kada ka faɗa wa kowa. Saura izu bakwai. Inna, da tun rasuwar Baba ba ta yarda a kunna muryarsa a gabanta, yanzu kullum da hantsi tana shimfiɗa tabarma a bayan ƙofar zaure. Jiya ita ta riga alarammomi faɗin wata aya.

Ka zo Juma'ar, amma hannu rabbana.

Ƙanwarka,
Radiya