Kalmar sirrin da muka raba biyu

Daga mai kula da zaure: wani ɗan uwa daga Suleja ya aiko wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya zo.

Assalamu alaikum jama'ar zaure, na gida da na ƙasashen waje. Don Allah shawararku nake nema, kuma ina son ta kafin safiyar Litinin. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a firamare, da yatsa biyu nake buga wannan a shagon mutane, don ba zan iya buga shi a kwamfutar ofishinmu ba. Za ku ga dalili.

Shekarata hamsin da ɗaya, riɗi da ƙwarar kaɗanya nake saye. Ina da abokin kasuwa, bari in kira shi Tanko, ba sunansa ba ne. Tare muka tashi a Wambai, shi ya wuce har kwalejin horon malamai, ni na bi motar kasuwa. Shekara goma sha tara ke nan muna haɗin gwiwa, ni ke shiga ƙauyuka in auno kaya, shi ke zama da takardu da Turanci. Siton mu yana Madalla, kuma tun ranar da muka kama shi kwaɗo biyu ne a ƙofar, makulli ɗaya a aljihuna ɗaya a nasa, ba mai buɗewa sai ɗayan yana tsaye. Tsohon ubangidanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗora mu a kan haka, ya ce ba don kuna zargin juna ba, don kada wani ya sami bakin shiga tsakaninku. Kuma gaskiya ba a taɓa samu ba. Tanko har tsokanata yake, Sarkin Kwaɗo yake kirana.

Bara muka sami wani Bature mai saye daga Turai. Da faks muka fara, sai wasu 'yan damfara suka aika masa takarda da sunanmu, Allah ya sa ya yi waya ya tambaya. Daga nan ya ce shi ya daina faks da kowa a ƙasar nan, imel yake so, kuma a kulle, irin wanda ko an tare shi a hanya ba a ganin komai sai tarkacen haruffa. Muka sayi kwamfuta ta hannu, muka ja layin waya, Tanko ya kawo wani mai gyara daga Abuja da kowa ke ce wa Injiniya. Ya haɗa komai, ya ce sauran kalmar sirri da za a riƙa buɗe wasiƙu da ita, wa zai riƙe? Na ce yadda muke yi a sito haka za a yi. Ya yi dariya ya ce, Oga, wannan ba ƙofa ba ce. Na ce to yau ta zama ƙofa. Muka raba kalmar biyu, in buga rabin farko Tanko ya kau da kai, ya buga na biyu in kau da kai, taurari ne kawai ke fitowa a allo. In wasiƙa ta zo ina ƙauye sai ta jira ni, ko kwana huɗu ne. Tanko yakan yi mita, ya ce Bature ba ya jiran kasuwar ƙauye ta tashi, amma a haka muka tafi.

Wata uku da suka wuce bairos, ciwon kwamfuta, ya shige mu ta wata wasiƙa da ba a kulle ba, ya cinye takardu da yawa. Injiniya ya dawo ya yini, ya sa abin da ya kira antibairos mai duba imel. Ni ban yarda da abin da ban gani ba, tun farko na sa an rubuta mini saitin imel ɗin a kwali na liƙa a bango. Da ya gama na gwada da kwalin, sai na ga wurin da sunan gidan da wasiƙunmu ke fitowa yake an goge, an sa lambobi, 127.0.0.1. Na tambaya ya ce kada in damu, aikin ne haka. Ya ce mu buga kalmarmu sau ɗaya ya gwada, muka buga, na fita sallar La'asar na bar su su biyu suna Turanci.

Abu ya ci gaba kamar da. Wasiƙa ta zo, Tanko ya leƙo ya ce Sarkin Kwaɗo zo ka sa hannu, in zauna in buga nawa, ya karɓi kujera ya buga nasa, ya karanta ya fassara mini. Sai makon jiya ƙofar mota ta datse mini yatsa, an naɗe shi da bandeji, da na zo bugawa yatsan ya danna haruffa biyu tare. Na san na yi kuskure, na buɗe baki zan ce a sake, sai na ga Tanko ya ja kujera ya taɓa nasa, wasiƙa ta buɗe. Da can ko harafi ɗaya aka kuskure sai ta yi ƙara ta ƙi. Na bar shi ya karanta ya fassara mini kamar kullum. Bayan kwana biyu wata ta zo, da gangan na buga sunan tsohon jakin babana. Ta buɗe. Ta uku ban ma dubi haruffan ba, na dai shafa hannu a kai kamar mai korar ƙuda, Tanko yana can ya kau da kai yana kallon taga wai kada ya ga sirrina. Ta buɗe.

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, kunya ce. Wata uku ana kirana in zauna a kujera in yi wasa da yatsu, kamar yaron da aka ba sitiyarin roba a mota. Sai na fara tuna abubuwa. Wata ranar Talata Tanko ya ce mini in na shiga kasuwa kada in bar riɗi ko mudu ɗaya, wai jikinsa ya ba shi. Ranar Alhamis muka buɗe wasiƙar Bature, ashe ƙarin riɗi yake nema da gaggawa. A lokacin har na ce masa Malam Tanko ko ka fara duba ne, muka yi dariya. Mun ci riba, ban musa ba, kuma rabona ya zo cif. Amma wanda ya karanta wasiƙa ɗaya a bayanka, me zai hana shi amsa wata a bayanka? Ni ba na jin Turancin da ya wuce na tasha, duk abin da ya ce Bature ya ce shi ne Bature ya ce.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi wa Tanko rasuwa a Chaza, kawunsa, ya ce sai Litinin zai dawo. Na je na yi gaisuwa na dawo. Jumma'a bayan masallaci na ɗauko wata mata mai shagon kwamfuta a Madalla, Madam ake ce mata, ba ta san Injiniya ba. Na fara nuna mata lambobin nan, don ni a zatona ta nan ake karkatar da wasiƙunmu zuwa wani gida. Ta ce a'a Alhaji, wannan lambar ita ce kwamfutar kanta, wasiƙa tana fara tsayawa wajen mai gadi a cikin gida, wato antibairos ɗin, ya caje ta, sannan ya miƙa wa akwatinku. Ta ce matsalar ita ce mai gadi ba ya iya caje akwatin da ke kulle, shi ya sa wanda ya yi aikin ya sa alama a wani ɗan gida da ke cewa a tuna kalmar sirri, don wasiƙa tana sauka ta buɗe kanta a duba ta. Na ce to wurin da nake bugawa fa? Ta dube ni ta ce wancan ba ya haɗe da komai yanzu, da hannu ake buɗo shi, in ka gama a rufe. Na ce wa ke buɗowa? Ta ce Alhaji, ni da wa kuke zama a ofishin?

Na ce ta duba mini ko an aika wasiƙar da ban sani ba. Ta karanto mini duk na akwatin aikawa ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ban san da ita ba, fassarar ma ta yi daidai da abin da Tanko ya gaya mini. Amma da na matsa ta ce ai ana iya gogewa, ita ba za ta rantse ba. Har ta ƙara da cewa, watakila mutumin nan bai so ka ji an cire ka ba ne. Na ce ba ra'ayinki na ɗauko ki ki bayar ba.

To ga inda nawa laifin ya shigo, shi ya sa na ɓoye suna. Na sa ta cire alamar nan, kuma tun da injin yana riƙe da tsohuwar kalma, na sa ta canza ta gaba ɗaya, na buga sabuwa ni kaɗai daga farko har ƙarshe. Ta gargaɗe ni, ta ce yanzu wasiƙun Bature za su wuce mai gadi ba caji, in akwai ciwo a cikinsu sai bayan na buɗe, kuma in na mance kalmar ko ita ba ta da yadda za ta yi. Na ce na ji. A lokacin daɗi na ji, na ce shi ma ya ɗanɗana. Da na kulle ofis na kama hanyar gida sai daɗin ya fara tsami.

Uwargida ta ga fuskata ta tambaya, na gaya mata. Ta ce shekara goma sha tara Malam Tanko bai ci maka ƙwayar riɗi ba, sai yanzu da furfura? Ta ce da ya zo ya ce maka injin ya daina bukatar rabinka, me za ka yi? Na ce sai in sa a cire antibairos ɗin. Ta ce to ka ji dalilin da ya sa bai gaya maka ba, ya san halinka. Ƙanena kuwa cewa ya yi 'yan boko haka suke, yau kalmar sirri, gobe ka ji an yi wa kamfani rajista da sunan mutum ɗaya, in tara dattawan unguwa a raba haɗin gwiwar tun ana ganin mutuncin juna. Kowa na ji sai in ga kamar shi ke da gaskiya.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa ko ɗayansu ba. Da na je gaisuwa Chaza, Tanko ya rako ni bakin mota, ya zaro makullinsa na sito ya danƙa mini, ya ce mota za ta iya zuwa lodi ranar Asabar, kada kaya su kwana saboda ni. Tun da muke bai taɓa yin haka ba, ni ma ban taɓa ba. Na ce ka san ƙa'ida. Ya ce Sarkin Kwaɗo, in ban yarda da kai ba da wa zan yarda? Wallahi har yanzu ban san ko daga zuciyarsa ya faɗa ba, ko ya lura na gano ne yake son ya rufe mini baki.

Jiya wasiƙar Bature ta sauka, tana nan a kulle, ban taɓa ta ba, ko na buɗe ma ba zan iya karantawa ba. Litinin da safe Tanko zai shigo, ya buɗo mini gidan banzan nan ya ce zo ka sa hannu, in na gama ya danna ta ƙi buɗewa. A nan zai san na sani, kuma zai san abin da na yi.

Ku da kuka san injinan nan, ku gaya mini tsakani da Allah, da gaske ba a iya haɗa mai gadin da kulle sai an bar kwamfuta ta riƙe kalmar, ko dai Injiniya da Tanko sun shirya ne? Ku kuma dattawan zaure, in same shi a Chaza ranar Lahadi in faɗa masa komai, ko in bari ya zauna a kujerar ya ji abin da na ji? In na faɗa, wa zai fara ba wani haƙuri? Shi ya karya ƙa'ida ya ɓoye mini wata uku, wannan ba zan mance ba. Amma yau da nake rubuta muku, makullan sito biyu suna aljihuna, kalmar sirri duka tana kaina, Tanko kuwa yana can kan tabarmar makoki ba shi da ko ɗaya.

Me zan yi? Wassalam.