Inna, Na Ga Koren Hasken

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, yau shekara uku da rasuwarki, kuma sai yanzu na iya amsa tambayar da kika sha yi mini: wai me nake yi ne a karatun nan da ya ƙi ƙarewa?

Inna, wani gari mai kama da hoda nake haɗawa. Sunansa farobiskayit, kada ki wahalar da harshenki. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, garin geron da kika tankaɗe sau uku tsakuwa ne a gabansu. Nakan harba masa hasken wata na'ura wanda ido ba ya gani. Shi haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma ƙwaya ɗaya ba ta isa ta motsa garin ba. Sai biyu sun faɗa masa lokaci guda, ya haɗiye su tare, sannan ya fitar da haske kore. Kin tuna yadda ke da Gwaggo Asabe kuke ɗaga damin dawa ku ɗora a amalanke? In ɗaya ta yi jinkiri, dami ya koma ƙasa.

Wata bakwai ban ga kore ba. Garin ba ya son laima, ƙasar da nake karatu kuwa kullum cikin ruwa take. Malamata ta ce in wata ɗaya ya ƙara wucewa sai dai mu sauya aiki, wahalar shekara biyu ta tashi a banza. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Sai na haɗa sabo, na lulluɓe shi da roba sirara, ina tuna yadda kike liƙe bakin tulun irin gyaɗa kina cewa abin shuka ba a barinsa ya sha iska.

Ran Talata da hantsi na kunna na'ura. Sai ga ɗigo, kore shar kamar ganyen zogale. Na ninka ƙarfin hasken, koren kuma ya ƙaru sau huɗu, alamar da ake nema ke nan. Inna, guɗa na rangaɗa a ɗakin gwaji. Malamata ta shigo a guje, ta zaci lantarki ne ya ja ni.

Na buga wa Baba waya yana kasuwar Ɗanbatta. Ya saurara tsaf, sannan ya ce abin da ake ba biyu ya mayar da huɗu, ai a gonarsa ya kamata a zuba shi. Muka yi ta dariya. Da ya tambayi amfaninsa, na ce masu bincike suna fatan wata rana ya taimaka wa likita ya ga ciwo a cikin jiki ba tare da an yi yanka ba. Sai ya ce, "Ki ci gaba, Hadiza." Bai ambaci sunanki ba, ni ma ban ambata ba, amma na san ciwonki ne ya faɗo mana a rai.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya sada mu a Aljanna.

Taki har kullum,
Hadiza