Matan da Suka Ƙi Ƙirga 'Ya'yansu

Kafin Hausa.

Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Safina da yara. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata.

E, na taɓa saitin manhajar ƙididdiga a kwamfutar da ka ara mini. Ka san bincikena na gama digiri a kan haihuwa ne a garinmu Taura. To, mata da yawa in na ce "'Ya'yanki nawa?" sai su sunkuyar da kai. Kunyar ɗan fari ce: ba za ta ƙirga shi ba, ba kuma za ta yi ƙarya ta tsallake shi ba. Duk wadda ta yi shiru sai na sa mata 99. Ita kuwa manhaja, baiwar Allah, ta ɗauka duk haihuwa ce, ta ce wai kowace mace tana da 'ya'ya talatin da ɗaya. Kaji ne su? Shi ne na shiga saiti na nuna mata 99 na nufin "ba ta amsa ba". Laifina ke nan.

Ƙanwarka,
Radiyya.

Takur, Dutse.

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, Dakta Fa'izu, malamin da ke duba aikinki, ya kira ni. Ya ce guraben da ba amsa sun yi yawa, ba zai sa hannu ba, kuma in bai sa ba sai baɗi za ki fita. Abin ba wuya. Ko ki cike musu lamba da kanki, ko ki goge layukansu. Ki mayar da saitin yadda na bar shi. In taurin kan ne, ki bayar a kawo mini kwamfutata.

Yayanki,
Misbahu.

Kafin Hausa.

Yaya,

Salama da gaisuwa. Wallahi ba zan cike ba, ba kuma zan goge ba. Matan nan sun shimfiɗa mini tabarma, sun dama mini fura, sun amsa duk abin da bakinsu zai iya faɗa. Inda suka yi shiru, ni ce zan ƙaga musu magana? Haba Yaya! Na gaya wa Dakta shirun nan ma sakamako ne, zan ba shi babi guda. Ya kore ni daga ofis. Na yi kuka har na gaji, ina tsoron baɗin nan ƙwarai, amma ban sauya ba.

In ka karɓi kwamfutarka, ka buɗe layi na bakwai. Inna ce. Na tambaye ta kamar kowa. Ta fara lissafi daga kaina tana hawa, Adawiyya, Muntaka, da ta iso kanka, ɗan farinta, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri." To ga ta nan. Ka sa mata lambar da hannunka, ko ka goge ta. Ni dai ba da ni ba.

Ka huta lafiya,
Radiyya.

Takur, Dutse.

Radiyya,

Salama. Ki riƙe kwamfutar, ki bar saitin yadda kika yi shi. Dakta bai sa hannu ba har yanzu, ni kuma ba zan roƙe shi ba. Ki rubuta babin naki. Ranar Juma'a zan shiga Taura in gaida Inna.

Allah ya taimake ki.
Misbahu.