Ɗigo Biyu na Kawu

Daren Talata, Ƙofar Dundaye

Yau Kawu ya ɗaure ni, kuma da hannun ɗiyarshi Hadiza ya yi.

Kullum da safe yakan miƙo min wayarshi in duba mishi farashin gero, tunda shi ajami kaɗai ya iya. Shekaranjiya na ce mishi intanet ta ce jakan Illela sun shiga yajin aiki, gero zai yi tsada. Wallahi wasa nike. Ya kai zancen majalisa, anka yi mishi dariya har da riƙe ciki.

Shi ne Hadiza ta nuna mishi dabara. In an rubuta wata 'yar kalma da ɗigo biyu kafin sunan shafin 'yan hatsi, duk abin da anka nema daga shafin nan kaɗai zai fito. Kawu bai iya karanta kalmar ba, amma ya haddace siffarta kamar wasali a allo. Yanzu tsaye yake bisa kaina.

"Kai, ja'iri, ina ɗigon nan biyu? Maido su!"

Bai san a ɗan lokacin da wayarshi take hannuna nike neman inda za a koya min gyaran waya ba, in samu in bar shagon hatsinshi da nike tsaro. Har na ga wani wuri a Arkilla, ban kai ga lambarsu ba.

Da ya juya amsa sallama na rubuta gyaran waya da sauri, ban samu sararin goge ɗigon ba. Ko layi guda bai fito ba.

Ya juyo. "Mi anka ce?"

Na ce, "Gero na nan inda yake, Kawu."

Ni ma haka.